Kyautar Booker da Rabon Mai Fassara

Masu sauraro, a watan Mayun 2025 aka taru a birnin Landan aka miƙa kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa ga Banu Mushtaq, wata dattijuwa, lauya, daga jihar Karnataka a kudancin Indiya. Shekarunta 77 a lokacin. Da harshen Kannada take rubutu, kuma abin da ya ciyo mata kyautar gajerun labarai ne guda 12 da ta rubuta tsakanin 1990 da 2023. Tarin gajerun labarai bai taɓa cin wannan kyauta ba sai a kanta.

Ni dai rabon kuɗin ne ya tsaya mini a rai. Fam 50,000 ne, kuma tun 2016 ƙa'idar gasar ita ce a raba shi biyu, daidai wa daida, tsakanin marubuci da mai fassara. Saboda haka Deepa Bhasthi, wadda ta mayar da labaran zuwa Turanci, ta tashi da rabi. Guminta ta ci kuwa. Ita ta bi rubuce-rubucen Banu ta tsamo labaran, ta kuma bar kalmomin Kannada da Urdu da Larabci yadda suke, ba ta kankare su don Bature ya ji sauƙin karatu ba.

To me ke cikin labaran? Mata Musulmi ne a gidajen aure. Miji ya ƙaro aure ya juya wa uwargida baya, mace ta jera 'ya'ya mata ta zama abin gori, ta kai kuka wurin manyan masallaci a yi mata kunnen uwar shegu. Duk wanda ya saba da littattafan matan Kano zai ce ai a unguwarsu aka yi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tun shekarun 1980 take wannan rubutu. Amma da Aliyu Kamal ya fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, ka san wa ya buga shi a 2012? Kamfanin Blaft na birnin Chennai, can a Indiya.

Gasar Booker ta ƙasa da ƙasa ba ta duba littafi sai an fassara shi zuwa Turanci an buga a Birtaniya ko Ireland. Wannan sharaɗi da tsauri yake, ban musa ba. Sai dai wanda ya buga na Banu ba wani hamshaƙin kamfani ba ne, ƙarami ne a garin Sheffield.

Marubuta kam muna da su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa kaɗai tun 2016 take fito da sababbin mata masu alƙalami. Mai fassarar adabi ne ke wahalar samu. Da masu shirya bikin littattafan Hausa da aka fara a Kaduna a 2021 za su ji shawarata, da sun ware wuni guda ga masu fassara kawai, su gayyato masu buga littattafai daga waje su zauna su saurara.