Baban bola na cikin kwamfuta: wa ke faɗa masa abin da zai ɗauka?

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Samaru muke magana yau ma. Malam Sule na nan, Hafsat na nan. Hafsat, ke kika tayar da ƙurar nan a guruf, sai ki fara.

Hafsat: Tambaya ɗaya fa na yi. Na ce mun san harsunan rubuta shirin kwamfuta irin su Java da Go suna kwashe shararsu da kansu, wato bayanan da shiri ya gama amfani da su a ma'adanar kwamfuta, to ta yaya mai kwashewar yake gane wanne ne fointa, wato adireshin inda aka ajiye wani abu, wanne ne lamba kawai? Kafin la'asar saƙo ya cika min waya, kowa da tasa amsar.

Malam Sule: Kuma yawancinsu gefen tambayar suka bi. Ana ta cewa yana bin fointa ne daga tushe, ya yi wa abin da ya tarar alama, ya share sauran. Wannan ai tun zamanin John McCarthy da harshen Lisp aka san shi, wajen 1960. Abin da ƙanwata ta tambaya shi ne tushen kansa. Ka buɗe stak, inda shiri ke ajiye abin da yake aiki da shi a lokacin, ka duba rajista, 'yan ma'ajin da ke cikin injin lissafin kansa, me za ka gani? Lambobi masu bit 64 a jere. Babu wadda aka rubuta wa "ni adireshi ce" a goshi.

Nura: Kamar lambar akawun.

Malam Sule: Yauwa, faɗi.

Nura: In wani ya turo maka lamba goma ta fara da 803, ba ka sani ba ko akawun ɗin OPay ce ko lambar waya ce aka cire sifiri. Sai ya gaya maka.

Malam Sule: Madalla. To wa zai gaya wa mai kwashe shara? Kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa harshen na'ura. Shi ya fassara shirin, shi ya yanke cewa wannan gurbi na stak adadin ɗalibai zai riƙe, wancan kuma adireshin wani abu a hif, babban rumbun da shiri ke ajiye kayansa. In bai bar wasiyya ba, ilimin nan ya tafi da shi. Shi ya sa yake rubuta abin da ake kira taswirar stak: a daidai wannan wuri na shirin, gurbi na biyu da na biyar fointa ne, rajista kaza ma fointa ce, sauran kada ka taɓa. A HotSpot, injin da ke gudanar da shirin Java, sunanta OopMap.

Hafsat: Malam, in babu taswirar fa? Don harshen C ba ya ba da ita, kuma na ga ana haɗa shi da mai kwashe shara.

Malam Sule: Wannan na Boehm ne. Hans Boehm da Mark Weiser suka fito da aikin a 1988. Shi tsoron ɗaukar kayan mutane yake yi. Duk lambar da ya gani ta yi kama da adireshin wani abu a hif, sai ya ce mai yiwuwa da mai shi, ya bar abin. Baban bola ne mai tsoron Allah.

Nura: Ba irin na unguwarmu ba ke nan. Kakata ta wanke tukunyar dalma ta kife a ƙofar gida ta sha iska, ta shiga ɗauko tsintsiya, ta fito babu tukunya.

Hafsat: Ai ya duba bai ga fointa a kanta ba.

Nura: Wallahi da fointa. Tun daga Sabon Gari ta ɗauko ta a ka, shekara da shekaru tana tuwon sallah a ciki. Har Tudun Wada ta aike ni wajen masu auna ƙarfe.

Hafsat: Ka same ta?

Nura: Na tarar da tukwane sun fi ashirin, duk an lotse su. Mutumin ya ce in nuna tawa.

Malam Sule: Ka ga da ta sa mata alama.

Nura: Yanzu duk kwanon gidan da jan fenti a gindi. Har buta.

Malam Sule: To wallahi kakarka ta yi abin da harshen OCaml ke yi. Su bit na ƙarshe suke ware wa alama: in 1 ne, lamba ce, in 0 ne, adireshi ne. Shi ya sa lambarsu bit 63 ce ba 64 ba. Sun sayar da bit ɗaya sun sayi kwanciyar hankali. V8, injin JavaScript na Chrome, ma yana sa wa ƙananan lambobi irin wannan alamar.

Hafsat: Har buta fa, Yaya Nura?

Nura: Buta, murfin buta, da abin kwashe toka.

Malam Sule: To mu dawo. Ina so ku ga illar na Boehm ɗin, don ni nan ne abin ya fi ci min rai. Illa ta farko, shara tana zama. Wata lamba ta dace da adireshin wani mataccen abu, shi ke nan ya rayu, duk abin da yake riƙe da shi ma ya rayu. A na'ura mai bit 32, inda duka adireshin bai wuce gigabait 4 ba, dacen nan yana yawa. Go ya sha wannan a farkonsa, sai a fitowar 1.4, ƙarshen 2014, ya kammala tantance fointa daidai a ko'ina. Illa ta biyu ta fi girma: ba ka isa ka matsar da abu ba. Mai kwashe shara na zamani yana son ya tattara masu rai wuri ɗaya, ya gyara adireshinsu a hannun duk mai riƙe da shi. To in ba ka tabbata lambar nan adireshi ce ba, ka je ka canza ta, ashe kuɗin makarantar wani ne?

Hafsat: Innalillahi. Kuma ba za a ga kuskuren nan take ba.

Malam Sule: Sai bayan mako, a wani wuri daban. Irin wannan matsalar tana sa mutum furfura.

Nura: Amma taswirar nan, kowane layi na shirin yana da tasa? Ai za ta fi shirin girma.

Malam Sule: Shi ya sa ba a yi wa kowane umarni. Akwai tashoshi, su ake kira sef-foyin. Ka ɗauki bas daga Samaru zuwa cikin gari, kwandasta ba ya lissafin wa ya sauka wa ya hau ana tsakiyar gudu, sai an tsaya a Kwangila. Kwamfaila yana ajiye taswira a wajen kiran fankshin, wato wani sashe na shirin mai aiki guda, da wajen da madauki, wato umarnin da ake maimaitawa, yake komawa baya. In lokacin shara ya yi, sai a jira kowane zare, wato kowane layin aiki da ke gudana a shirin, ya iso tasharsa.

Hafsat: In direban ya ƙi tsayawa fa?

Malam Sule: Ya faru! A Go, madaukin da ba ya kiran kowane fankshin yana iya riƙe kowa, ana jiransa shi kaɗai. Sai a 1.14, shekarar 2020, suka fara tsayar da shi da sigina ko ina yake. Kuma ku ji abin sha'awa: tunda wurin da aka tare shi ba lallai yana da taswira ba, wannan ɗan yankin na stak da zato ake duba shi, irin na Boehm. Ni ina girmama wannan shawarar, don sun san inda za su yi daidai da inda za su yi hattara.

Hafsat: Akwai wanda ya tambaya a guruf, wai in kwamfaila ya gyara madauki har fointar ta koma tana nuna tsakiyar jeri ba farkonsa ba.

Malam Sule: Tambaya mai kyau, Allah ya yi masa albarka. Dole taswirar ta ce wannan ɗan wancan ne. In an matsar da uban, a lissafa tazarar, a mayar wa ɗan. HotSpot yana rubuta su bibbiyu. A LLVM kuwa, kayan gina kwamfaila, akwai abin da suke kira statepoint, inda bayan kowace tasha ake ɗaukar fointar a matsayin sabuwa, don kada mai gyaran shiri ya ci gaba da amfani da tsohon adireshi. Wannan kaɗai sai mu ci awa ɗaya a kansa, don in ka duba yadda...

Nura: Malam, an fara kiran magariba, kuma ba mu taɓa shingen rubutu ba, wanda shi muka yi alkawari.

Malam Sule: Kash. To a taƙaice, shingen rubutu shi ne: duk lokacin da shiri ya rubuta fointa cikin wani abu, kwamfaila yana liƙa 'yan umarni da za su sanar da mai shara. HotSpot yana raba hif kati-kati, kowanne bait 512, ya yi wa wanda aka taɓa alama. Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Hafsat: Yaya Nura, ka gaida mana Kaka.

Nura: Za ta ji. Sai an jima, jama'a.