Ga Ka'aba kusa, me ya hana zuciya zama?

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa Hausawa mazauna Makka a unguwar Misfala, bayan sallar isha'i.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Dattawa, 'yan'uwa, da iyayenmu mata da ke bayan labule, assalamu alaikum.

Da yawanmu lokacin muna gida addu'armu ɗaya ce: Allah Ka nuna mini Ka'aba, ko a ranar Ka karɓi raina. To, ga shi Allah Ya kawo mu, daga nan Misfala da ƙafa ake isa Harami. Amma tsakani da Allah, hankalin wa ya kwanta? Marar igama, wato takardar izinin zama, da ya hango motar askar, wato jami'an tsaro, sai gabansa ya faɗi. Mai igama, kuɗin sabuntawa da fuskar kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, sun hana shi sakat. Wanda ya tsallake waɗannan yana kwance yana lissafin naira nawa riyal ya kai yau, da filin da bai saya ba a Kano. Na gida kuwa cewa suke, ai ku kun haye.

Halittarmu ce haka. Allah Ya faɗa a Suratul Ma'arij, aya ta 19 zuwa 21, cewa an halicci mutum mai ƙarancin haƙuri: sharri ya taɓa shi ya yi ta raki, alheri ya same shi ya ƙanƙame. Sai Ya keɓe masu salla, masu dawwama a kanta.

Kakanninmu da ƙafa suka zo, ta Cadi da Sudan. Wasu sun yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin, wasu kabarinsu na hanya. Mu 'yan awoyi ne a jirgin sama, amma mun fi su ƙosawa.

Ku dubi Nana Hajara. Annabi Ibrahim ya ajiye ta da jinjirinta Isma'ilu a wannan kwari, ba mutum ba tsiro, sai jakar dabino da salkar ruwa. Ya juya, ta bi shi tana tambaya, bai waiwayo ba. Sai ta ce, "Allah ne Ya umarce ka da wannan?" Ya ce, "I." Ta ce, "To, ba zai tozarta mu ba." Ta koma ta zauna. Ku lura, Malam Alhaji da ke gyangyaɗi a can ma ya lura: ta faɗi wannan maganar Zamzam bai ɓullo ba. Ruwan salka ya ƙare, yaro na murƙususu, ta hau Safa ta duba, ta sauka kwari ta tattare zani ta ruga, ta hau Marwa, har sau bakwai. Uwa ce, dole ta ruga. Sai dai duk gudun nan ba ta janye maganarta ba, ba ta munana zato ga Ubangijinta ba. Gobe in kun zo tsakanin korayen fitilun nan a sa'ayi, ku tuna wurin gudunta kuke takawa.

Mu namu son Allah na ciniki ne. Mutum ya yi ɗawafi sati guda kan wata buƙata, bai ga komai ba, sai ka neme shi a sahun asuba ka rasa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Ba na cewa ku bar neman takarda ko na abinci, a nema. Amma mutum ya riƙe wani abu kaɗan tsakaninsa da Ubangijinsa wanda samu ko rashi ba ya taɓa shi, ko raka'a biyu kafin asuba, ko shafi ɗaya na Alƙur'ani kafin a fita aiki.