Dala miliyan 9.5 ga Ovechkin: inda lissafin ke rikita mutane

[Hoto: Ovechkin ya faɗi rub da ciki kan ƙanƙara, abokan wasa sun rufe shi]

Wannan da yake zamewa da ciki kamar yaro a ruwan sama Alex Ovechkin ne, ɗan Rasha, kyaftin ɗin ƙungiyar Washington Capitals a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Ranar 6 ga Afrilu 2025 ya zura ƙwallonsa ta 895 a ragar New York Islanders, ya wuce Wayne Gretzky, wanda a da ya fi kowa ƙwallaye a tarihin gasar, da ya tsaya a 894 tun 1999.

Sai gardama ta tashi kan albashinsa, dala miliyan 9.5 a shekara. Wasu su ce ai a ƙwallon ƙafa wannan kuɗin shan shayi ne. Wasu su ce wace irin ƙungiya ce za ta ba ɗan shekara 35 kwantiragin shekara biyar? Duka ɓangarorin biyu da mudun ƙwallon ƙafa suke awo, kuma nan ne matsalar.

[Hoto: tire ɗaya, hannaye da yawa]

A NHL akwai rufin albashi. Komai kuɗin mai ƙungiya, an yanka masa iyakar abin da zai biya 'yan wasansa gaba ɗaya. Tun 2005 ake wannan, bayan rikicin albashi ya cinye kaka guda sukutum. Ku ɗauka tire ɗaya ne na shinkafa, mutum har 23 ke zagaye da shi, kuma ba ƙari daga kicin. Duk lomar da babban yaya ya kai baki, daga gaban wani ta fito. Kenan a daina tambayar nawa yake karɓa. A tambayi kashi nawa na tiren ya ɗauka.

To, ku biyo ni a hankali a nan. A Yulin 2021 ya sa hannu kan dala miliyan 47.5 na shekara biyar. Gasar ba ta duba abin da ya shiga aljihunsa a kowace shekara. Raba jimlar take yi gida biyar, ta rubuta 9.5 kowace kaka, ba ya hawa ba ya sauka. Amma shi rufin yana hawa. A 2021 miliyan 81.5 ne, wato rabonsa ya kusa kashi 12 cikin ɗari. A kakar 2025/26 rufin ya kai miliyan 95.5, rabon ya faɗo ƙasa da kashi 10. Kuɗin bai canza ba, tiren ne ya ƙara faɗi. Yana tsufa, nauyinsa a littafin ƙungiya yana raguwa.

Wani abin dariya: Sidney Crosby, tauraron ƙungiyar Pittsburgh a gasar, an haife shi ranar 7 ga wata na 8, 1987, lambar rigarsa 87, albashinsa miliyan 8.7. Shi wannan har da camfi a lissafinsa.

[Hoto: Ovechkin tsaye a da'irar hagu, sanda a ɗage]

Masu sukar suna da tasu gaskiyar. Ku dube shi: ba ya komawa tsaro kamar matasa, gudun ma ya ragu. Idan aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu, aka koma biyar da huɗu, sai ya je wannan da'irar ta hagu ya tsaya. Har ofishinsa ake ce mata. Mai tsaron raga ya san daga nan ƙwallon za ta zo, 'yan kallo sun sani, mai sayar da lemo ma ya sani.

[A bar sautin bugun ya fito]

Ta shiga.

Ni dai a ganina Washington ta san abin da ta saya. Lokacin da ya sa hannu ƙwallonsa 730, saura 165 ya wuce Gretzky, wato 33 a shekara. Bai cika shekara huɗu ba ya gama. A kakar 2024/25 ƙashin ƙafarsa ya karye a Nuwamba, ya rasa wasa 16, ya dawo ya ƙare da ƙwallo 44 a wasa 65, yana ɗan shekara 39.