Sablimeshin ko binil: wanne ya dace da rigarka?

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda zai kai aikin buga riguna wani shago a Gombe, na ƙungiyar ƙwallo ne ko na wasannin makaranta, ya kamata ya fara duba yadin rigar, domin yadin ne yake nuna hanyar bugun da za ta yi ƙarko.

A sablimeshin ana buga zane a kan takarda da tawada ta musamman, sannan a danna ta a kan riga da na'urar zafi mai kusan digiri 200 a ma'aunin Salsiyas na tsawon minti ɗaya. Zafin yana mayar da tawadar tururi, ta shige cikin zaren, shi ya sa hannu ba ya jin tudun zanen, kuma ba ya ɓarewa komai yawan wanki. Sharaɗinsa dai mai tsauri ne: sai yadin da zarensa foliyesta ne, wato zaren roba, aƙalla kashi 65 cikin 100, kuma fari ko mai haske, saboda babu farar tawada a cikinsa. Idan aka yi shi a kan auduga, wanki kaɗan zai kwashe launin.

Shi kuwa binil falle ne mai gam a bayansa, wanda na'ura take yankawa, a cire rarar da hannu, a manna shi da zafin digiri 150 zuwa 160 cikin daƙiƙa 15. Yana kama auduga, yana kuma fitowa fes a kan baƙar riga, amma kowane launi sai an yanka shi dabam, don haka bai dace da hoton fuska ba. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, babban falle a ƙirji yana hana iska shiga, kuma wannan dalili ne da nake ganin ya isa a taƙaita shi ga suna da lamba da ƙaramin tambari.

Rigar 'yan wasan da za su shiga filin wasa na Pantami da ke Gombe tana iya haɗa biyun, a rina jikinta da sablimeshin, a manna lamba da binil. A nan akwai buƙatar kulawa, domin launin yadin yakan ratso farin binil ya dusashe shi, sai fa idan an yi amfani da nau'in da yake tare launi. A wanke irin wannan riga a juye, kuma kada a ɗora dutsen guga a kan lambar.