Sharhi: Koyar da Salon Kore Kishiyar Kalma a Aji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka tambayi mai hatsi yaya ciniki, zai ce maka "ba laifi". Direban da ya taso daga Kano cikin damina kuwa cewa zai yi, "ruwan da ya dake mu a hanya ba kaɗan ba ne". Duka biyun adon harshe suka yi: sun kore kishiyar abin da suke nufi domin su tabbatar da shi. Masana na kiran salon litotis, daga Girkanci. Da shi yaranmu suka tashi a baki, amma a azuzuwanmu, daga birnin Zariya har Samaru, an fi tsayawa kan kamance da siffantawa da kambamawa. Asara ce, domin a salon nan kunya da kawaicin Bahaushe suke zaune.

Darasi ɗaya na minti 40 ya isa a kafa tushe. Malam ya rubuta jimloli 5 a allo, irin su "Gina ganuwar Zazzau babban aiki ne". Ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin "babban", ya nemo kishiyarsa, wato "ƙaramin", sannan ya kore shi: "Gina ganuwar Zazzau ba ƙaramin aiki ba ne". A karanta jimlolin biyu da ƙarfi, ajin ya faɗi wadda ta fi nauyi a kunne.

Inda ake tuntuɓe shi ne yaro ya ɗauka duk korarriyar jimla adon harshe ce. "Audu bai zo ba" labari ne kawai. Ga ma'auni: shin mai maganar yana nufin fiye da abin da ya furta? Wanda ya ce "yarinyar nan ba baya ba ce wajen lissafi" yabo yake yi, har da jinjina. Haka kuma ba kowace kishiya ke karɓar salon ba. "Rigar ba baƙa ba ce" ba ya nufin fara ce, tana iya zama ja. Sai kalmomi masu hawa-hawa, kamar yawa da ƙaranci, sauƙi da wuya.

A kuma nuna musu cewa nauyin ba ɗaya ba ne. "Ba laifi" yakan tsaya tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa, amma "ba kanwar lasa ba ne" gargaɗi ne mai ƙarfi.

Wajen duba insha'i, malamai a sa ido kan "ba" ta biyu, don yara na yawan yar da ita su rubuta "ba ƙaramin aiki ne". A hana su jera korewa kan korewa, irin "ba zan ce bai ƙi ba", mai karatu ɓacewa yake yi. A shafi guda, sau ɗaya ko biyu ya wadatar.