Mi ya sa mai tabur ba ya yin takardu?

Salamu alaikum jama'a. Ku dubi matar nan mai ƙosai a bakin titin Wadata nan Yamai, tun asuba ta hura wuta, kasko ɗaya, roba ɗaya ta ƙullu, jarin duka bai kai jika goma ba. Ba ta da NIF, wato lambar impo, ba ta da RCCM, wato a rajistar 'yan kasuwa babu sunanta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a 2018 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ce kusan kashi 86 cikin ɗari na masu aiki a Afirka haka suke neman abincinsu.

Wasu su ce ai gudun impo ne. Ni kam ban yarda ba, shiga kasuwa ka gani, ɗan meri na zagayawa da tikiti kuma mai tabur yana biya, ciniki ko ba ciniki.

Matsalar lissafi ce. E, akwai Maison de l'Entreprise nan Yamai, gidan yin rajistar kasuwanci, an haɗa birori wuri guda. Amma mutumin da sai ya fita ake ɗora tukunya gidansa, ka ce ya rufe tabur ya hau kabu-kabu ya je ya yi layi, takardun da Faransanci shi kuwa allo ya yi bai yi lakwal ba, to ranar nan wa zai ba yara kuɗin cefane? In ma ya yi, mi takardar za ta ba shi? Ya je banki a ce kawo garanti, kawo takardar fili. Alhali Alhajin Katako da ya san ubansa zai ɗora mishi katan biyar na sabulu a kan magana kawai, "in ka saida ka kawo". Ita mai ƙosai adashe ne bankinta.

Tun 2010 dokar OHADA, wato dokar kasuwanci da Nijar ta yi tarayya a kai da wasu ƙasashen Afirka, ta buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa hanyar rajista mai sauƙi, amma tambayi masu shayin unguwarku ko sun taɓa ji.

Abin da ke ci min rai shi ne ranar da ta ɓaci. Dattawa na tuna gobarar Babbar Kasuwa ta 1982. In wuta ta tashi ko aka tashi masu bakin titi, mai tabur ba asiransi, ba CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata, ba ko takarda ɗaya da za ta nuna yana da kaya a wurin, bashin Alhaji kuma na nan yana jiransa.