Wa Ke Da Ta Cewa Kan Fili a Gundumomin Amurka?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo kan hukumar tsara filaye ta gunduma a Amurka.

Na farko, su waye? Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kuma da yawansu suna da irin wannan hukuma. Mutanen gari ne, manomi, malamin makaranta, ɗan kasuwa, zaɓaɓɓun shugabannin gunduma ke naɗa su. Su ke shata taswira: nan gidaje, nan gonaki, nan masana'antu. Galibi shawara suke bayarwa, zaɓaɓɓun nan ke yanke hukunci. Tun 1926 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio, ta ce hukuma na da ikon ƙayyade abin da mutum zai gina a filinsa.

Na biyu, nan ne zuciyata take, zaman sauraron jama'a. Mutum na son mayar da gonarsa fulotai ko gidan mai. Kafin a aza bulo ɗaya, galibi sai an kafa allo a bakin filin, an aika wa maƙwabta wasiƙa, an sa rana. Allo fa! Allo a bakin fili, mai wucewa ya karanta. Na halarci irin wannan zama da daddare. Wata tsohuwa ta miƙe da hotunan ruwa kwance a bayan gidanta, aka ba ta minti uku, daidai da na kowa. Hannunta na rawa, amma ta yi magana, aka rubuta. Aka ce wa mai filin ya koma ya gyara zanen magudanar ruwa tukuna. Minti uku, Alhaji, ka ga ko gaisuwarmu ba ta ƙare ba! (Dariya.) Amma an saurare ta. Ku duba gundumar Loudoun a Virginia, inda manyan ɗakunan ajiye bayanan intanet suka cika: a irin wannan zaman talaka ke fuskantar kamfani ido da ido. An saurari tsohuwar nan, shi nake nanatawa.

Na huɗu... na uku ne? To, raba fuloti: faɗin titi, hanyar ruwa, duk sai sun duba. Mu wuce.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko muna da irin wannan tsari a Najeriya. A takarda, akwai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni ga gwamna, na karkara ga ƙaramar hukuma, da kwamitin ba da shawara. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta tanadi hukumar tsarawa har a matakin ƙaramar hukuma. Amma wa aka taɓa aika wa takarda kafin a yi awon igiya a gonar da ke bayan gidansa? Ɗaga hannu in gani. Hajiya, idan an tashi ki tsaya, mu rubuta abin da za ku kai wa mai unguwa da kansila.